Ƙullin Igiyar Takalmi

A Bergen, garin da ruwan sama ba ya gajiya,
Ragnhild Tveit ta hau bene da akwati a hammata.
'Yan sanda goma sha ɗaya na jira,
gashin baki a murɗe, dariya a ɓoye cikin tari.

Ta buɗe akwatin.
Takalmin masunci ne, na hagu,
mutumin da aka tsamo a bakin tasha da asuba.
"Ya bugu ya faɗa," in ji babbansu. "Magana ta ƙare."

Ba ta musa ba.
Ta miƙa masa gilashin da ubanta ke gyaran agogo da shi.
"Dubi ƙullin.
Mai takalmi ba ya ɗaure nasa ta wannan fuska.
Wani ne ya durƙusa gabansa ya ɗaure,
bayan ƙafar ta daina motsi."

Tari ya ɗauke.

Shekara ashirin tana koya musu kallo:
tokar murhu, ƙasar ƙarƙashin farce.
Sunanta bai taɓa shiga rahoto ba.
Amma ɗalibanta, har furfura ta cim musu,
kafin su tambayi mai rai
sai sun durƙusa sun ji ta bakin igiya.