Barewa ko Lamba

A Miskin, bayan Marwa,
na zauna kan buhun albasa, waya a cinya.
Ofis ya ce: kafin gaisuwa ta ƙare
ki jefa dala sama.
In barewa ta fito, karanta masa katin.
In lamba ce, haɗiye.

Hamajoda ya samu barewa.
Na karanta: bara, daga girbi zuwa tsakar damina,
buhu ya ninka kuɗinsa a kudu.
Ya daɗe yana kallon rumfarsa.
“Rubuta jaka talatin. Zan jira.”

Ƙaninsa Yerima, fadama ɗaya, rijiya ɗaya,
lamba.
“Nawa kake zaton buhu zai kai?”
“Sha biyu, in bai ruɓe ba.
Litinin zan kai kasuwa.”

Tsakanin sha biyu da talatin
ba taki, ba ban-ruwa,
numfashi biyu ne kawai daga bakina.

Da magariba na hango su kan tabarma,
shayi na zagayawa,
katina ma na zagayawa, ba da izinina ba.
A ofis sunan wannan gurɓacewa.
A nan sunansa hira.

Ni kuwa da na karanta shi sau tamanin da uku,
shekaranjiya na kwashe kuɗin aikina
na sayi buhu huɗu, na jibge a ɗakin Dada.
Ba wanda ya jefa mini dala.
Ba layin da zan rubuta kaina.

Yau da asuba Dada ta ce,
“Astajam, zo ki shinshina ɗakin nan.”