Zagayen Talata a Shafa

Ranar Talata nake zagayen tarkuna,
tun rana ba ta leƙo ta bayan duwatsun Shafa ba,
sanyin Ɗa'if yana cizon yatsa.
Kofi goma sha huɗu masu jan murfi,
ruwan tsami a ciki, da ɗigon sabulu,
rataye a inuwar itatuwan tut, inda 'ya'yan suka soma baƙi.

Na tace na farko a kan farin ƙyalle.
Ƙwari iri-iri, kowa da ajalinsa.
Ba su nake nema ba.
Nawa bai fi ƙwayar riɗi ba,
jan ido, baƙin ɗigo a bakin kowane fiffike.
Namijin ke nan. Macen ba ta da tambari,
sai ɗan zarto a gindi,
wanda sai madubin Injiniya Ruwaida ke tona shi.

Ƙudan da muka sani, ruɓaɓɓe yake bi.
Wannan mai zaɓe ce:
sai lafiyayye, wanda gobe za a tsinka.
Ta tsaga, ta ajiye ƙwai, ta yi gaba.
Fata sumul,
ciki tsutsa.

Kofi na tara: uku.
Na goge madubi da gefen riga, na sake ƙirgawa.
Uku.
Makon jiya sifiri na rubuta a layin nan,
har na ƙawata shi.

Abu Mish'al ya zo da butar gahawa, ya leƙa ƙyallen.
"Daga ina?"
Na ce an ce a kwali yake tafiya, ƙasa zuwa ƙasa,
ba biza, ba igama.
Ya yi dariya. Ni ma na yi, kaɗan.

Kakana Barmo da ƙafa ya zo,
shekara bakwai tsakanin Haɗeja da bakin teku.
Katangar dutsen da muka jingina da ita, hannunsa ce.
Har yau a kasuwa akan tambaye ni daga ina.
Ban faɗi wannan ba.
Na karɓi gahawa.

Da hantsi na murje tut cikin ruwan gishiri,
na tsuguna ina jiran abin da zai taso.
Bai taso ba. Tukuna.

Na rubuta uku, da kwanan wata,
na ce a tsinke da wuri, a kwashe na ƙasa a binne,
na zuba wa kofuna sabon tsami.
Yatsuna sun rine,
sabulu ba zai fitar ba sai Juma'a.