Ta Arba'in da Bakwai

Mushe Nomau ya ba ni kaye
mai matsala ɗari uku, ganyen duk maiƙo.
Ya ce: "Kar ka taɓa ɗa sai ka gama gani.
Hannu wawa ne, ido ke wasa."

Wata biyu ban kara da kowa ba.
In na rufe shagon ɗinki a Mokoyo
sai in baje allon eshek bisa keke,
maɓalli na tsaye madadin sojan da ya ɓace.
Wuta ta ɗauke, in kunna tocila.
Shayin Tsahiru ya huce sau uku.

Ta arba'in da bakwai ta ci mini kwana huɗu.
Har na zagi wanda ya tsara ta.
Ashe sarauniya ake bayarwa, kyauta,
ga ni ko ƙyalle ba na yarwa.

Yanzu ko a kasuwa doki nake gani:
ya dira nan, ya kama biyu.

Jiya Mushe ya zauna gabana.
Ya ci ni dai.
Amma sai da ya tuɓe hula, ya sosa ƙeya,
har aka kira la'asar
hannunsa na rataye bisa allo.