Ƙeyar Majemi

Shekara talatin da biyu hannuna na cikin ruwan toka.
Bagaruwa ta rine mini farce,
kartaji ya ci tafina har ya ƙoshi,
ban taɓa cewa wash ba.
Fatar jar akuya, ko da taurin kai ta zo daga Illela,
sai na lallashe ta ta yi laushin kunnen jariri.
Ni ne Na'ali na Majema. Tambayi kowa.

Sai ga wani ɗan ƙyalle,
bai kai faɗin yatsu biyu ba,
ya zauna mini a ƙeya kamar mai karɓar haraji.

Hajaru ce ta sayo.
Albashinta na fari daga asibiti,
ta ratsa Tsohuwar Kasuwa da tsakar rana,
ta shigo da leda mai ƙara, riga a ciki, kwali a wuyanta:
"Baba, wagga taka ta. Ran sunan ɗan Marafa za ka sa."
Shuɗiya, mai maɓalli shida.
Ni da duk tufafina sai tela ya auna ni.

Ranar suna, a watan da kwalta ke narkewa,
tun ba a raba goro ba abin ya soma.
Da fari tafiyar kiyashi.
Zufa ta sauko, ya zama ƙaiƙayin masussuka,
ya zama ƙaya.
Liman na addu'a, hannuwan jama'a a sama,
nawa ɗaya a sama, ɗaya a bayan wuya.
Na jingina da katanga ina goga kamar jaki.
Marafa ya leƙo: "Mi as same ka? Ko ƙwarƙwata ta?"
Na ce masa rana ce.

Da dare Tumba ta haska tocila.
"Wurin ga ya yi jawur, ya tashi ruɗu-ruɗu,
sai ka ce karan dafi aka shafa ma."
Ta ce a yanke. Na ce a'a.
Rubutun jikinsa ban iya karantawa ba,
amma na ga yadda yarinyar ta shafa shi da yatsa
sa'ad da take nuna mini ba gwanjo ba ce.
Ta yaya zan kai almakashi nan?

Na sake sawa ran Juma'a.
Na cusa auduga, ta zame.
Na liƙa filasta, zufa ta ɗaye ta.
Na sa 'yar shara a ciki, na dahu.

Ita ta kama ni a zaure
ina susa da tsinken tsintsiya.
Ba ta yi dariya ba, sai daga baya.
Ta ce, "Tuɓe."
Ta zauna bakin ƙofa inda haske yake, da sabuwar reza.
Ba ta datse ba, wai in an datse guntun ya fi cizo.
Zare-zare ta bi ta warware,
ta tsince saura da farce,
ta wanke rigar sau biyu da sabulun salo,
sannan ta lakato man kaɗe ta shafa mini a ƙeya.
Hannunta da sanyin randa.
Rabon da a taɓa wuyana haka
tun Inno na da rai.

"Kai da kas san hwatar kowace dabba," in ji ta,
"taka kaɗai ta ba ka saurare."

Kwana huɗu wurin ya kwanta.
Rigar ta yi shiru. Ina ta sawa,
har ta soma koɗewa a kafaɗa.

Ƙyallen kuwa, bayan murhu ta jefar.
Na tsince shi da asuba, kafin Tumba ta yi shara.
Yana cikin alaben da na jeme da kaina,
tare da tsohon rasit na kuɗin makarantarta
da haƙorin da ta fara famfara.
Can ba ya cizon kowa.