Gyaɗa a Tsakiyar Ruwa

Tun ranar karo-karo na faɗa,
na sake faɗa a tasha, na maimaita a mota:
ni da gyaɗa ba ma ga maciji.
Bappayo ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
"Ɗan Kumo, jikan mai rumbu bakwai,
kai ne gyaɗa ke kora?"

Ni ne.
Ina shekara tara leɓena ya tashi kamar fanke a mai,
maƙogwarona ya rufe ƙofa ya zura sakata.
Inna ta goya ni, ƙato da ni, har asibiti,
zaninta na kwancewa, ba ta tsaya ɗaurawa ba.

Yau ga mu a Dadin Kowa,
malamai goma sha ɗaya cikin jirgi mai rumfar tamfol.
Inji na tari,
ruwa na buɗe mana hanya yana rufewa a bayanmu.
Gaɓa ta ja baya, ta ja baya,
har itatuwa suka koma tsinken tsintsiya.
Na shafa aljihu. Allurar na nan.
Na sake shafawa.

Sai aka buɗe kuloli.
Ƙamshi ba ya sallama.
Tsire ya sha ƙuli har ya ƙoshi,
kwaɗon rama na harara ta ta gefen murfi,
masa ta yi wanka a man da ban san asalinsa ba.
Saratu ta ce, "Wannan ni na soya, babu ko ƙwaya."
Na ce, da wane mai?
Ta dubi ruwa.
Da wane cokali aka juya?
Tambaya ce mai tsinka zumunci, na sani,
amma gara ɓacin rai da ɗaukar makara.

Wanda ya ƙi abincin mutane
sai ya yi ta ba da haƙuri kamar an kama shi da sata.
"Ɗan taɓa mana, ko don albarka."
"Ai kaɗan ba ya kisa."
Ni na san girman kaɗan.
Na auna shi da nisan gaɓa:
minti arba'in, in inji ya ga dama,
sannan mota, sannan ramukan hanya.

Na kwance ƙunshina,
dafaffen ƙwai, dabino, dankalin da na gasa da asuba,
na juya baya ina ci
kamar mai karya azumi a ɓoye.

Baba Manu matuƙi bai ce uffan ba.
Ya rage inji, ya yafito wani masunci,
ya sayi karfasa biyu suna wutsil-wutsil.
Ya goge wuƙarsa da toka, ya ɗauraye,
ya sake gogewa,
ya ɗaga ta sama ina gani.
Gawayi a ɗan murhu, gishiri, lemun tsami.
"Babu mai," ya ce. "Babu yaji. Duba da idonka."
Can, yana juya kifin, bai ɗago ba:
"Autata, madara ce tata.
Mun sha hanya da tsakar dare."
Bai ƙara ba.
Ni ma ban tambayi inda take yanzu ba.

Na ci har ina tsotsar ƙaya.
Bappayo ya miƙo hannu zai gutsura,
mafici ya sauka a kan yatsunsa:
"Hannunka duk ƙuli. Je ka wanke."
Jirgi ya kaure da shewa,
shi kuwa ya sunkuya ta gefe
ya wanke har gwiwar hannu, sau uku, kamar mai alwala,
sannan ya zauna kusa da ni, ya ce,
"To wai man ja fa, shi ma?"
Saratu ta ciro biro
tana rubuta amsata a tafin hannu.

Rana ta jingina da dutse, ruwa ya yi ja,
balbelu na komawa gida ƙasa-ƙasa.
Sai da na taka tudu, takalmina a hannu,
na tuna
tun la'asar ban shafa aljihu ba.