Usur Ɗin Kofur Sallau

Na isa Alausa bakwai saura,
fayil a hammata, ɗaure da zaren buhu.
An ce sunanmu aka raɗa wa unguwar nan.
Ban ga alama ba. Na zauna a benci.

Madam Morenike ta gyara tabarau,
ta lashi yatsa, ta juya shafi.
"Baba, shekara nawa ka ce?"
Na ce ashirin da shida.
Ta ce, "Ni takwas na gani a nan."

Takwas.
To wa ya tsaya a mararrabar Agege
tun babu gada, sai layin dogo da taɓo?
Wa ya riƙe danfo da tafin hannu ɗaya
har 'yan makaranta suka gama ƙetarewa?
Wannan tabon na gefen girata,
madubin motar shanu ne ya sa mini hannu,
shi kaɗai ya girmi takwas ɗinki da shekara tara.

Ta ce ba ta musa ba,
sai dai takarda ba ta san tabo ba.
Sha takwas na farko na wucin gadi ne:
ƙaramar hukuma ta ɗauke ni da baki,
albashi a ambulan,
sa hannu a littafin da ruwa ya cinye
daminar da sakateriya ta koma tafki.
Ƙirga, in ji ta, yana farawa ne daga ranar tabbatarwa.

Wucin gadi!
Gadin dai na yi, kuma bai wuce ba.
A wucinsa na yi aure.
A wucinsa aka haifi Baraka,
ga ta can Idi-Araba tana goyon nata.
A wucinsa gwiwata ta koyi faɗin zuwan hadari
tun kafin gajimare ya taso daga teku.

Na tuna Bashiru Alabi, abokin tsayuwata.
Ya tare wata baƙar mota da ta biyo hannun da ba nata ba.
Ba tuhuma a rubuce, ba kwamiti, ba wanda ya ce faɗi naka.
Da safe aka karɓe hularsa.
Yanzu ruwan leda yake sayarwa a Oshodi,
in ya hango ni sai ya juya baya.
Ni kuma tun ranar
hannuna ya koyi sauka da kansa
duk sanda gilashi ya yi duhu.
Wannan ma a rubuta, in da wurin rubutawa.

Ta ce in nemo shaidu biyu daga cikin tsofaffin ma'aikata.
Ɗaya yana maƙabarta.
Ɗayan ya koma garinsu, lambarsa ba ta shiga.
Ta yi shiru, ta miƙo mini ruwa a kofinta,
ta ce, "Ni ma saura shekara uku, Baba."

A sito suka ƙirga kaya:
kaki biyu, ɗamara, hula, takalmi.
"Usur fa?"
Na ce wannan da kuɗina na saya.
Ya duba littafi, bai ga usur ba,
karo na farko da rashin takarda ya yi mini rana.

A hanyar gida muka maƙale a Ikeja,
kowa ya cusa hanci, ba gaba ba baya,
direba yana zagin uwar wanda bai sani ba.
Na daure. Na daure. Sai na sauka.
Da rigar gida, da silifas,
na busa sau ɗaya, na ɗaga hannu.
Tirela ta tsaya.
Keke ya ja baya.
Hanya ta buɗe kamar an warware rawani.
Ba wanda ya tambaye ni ranar tabbatarwa.

Motata ma ta wuce ta bar ni.

Na taka har gida.
Uwani ta dubi fayil, ta dubi fuskata,
ta ce, "Yaya?"
Na ce sun ce in dawo bayan salla.
Ba ta tambayi wace sallar ba,
ta sauke tukunya.