Hatimi

Fankar kotu mai lamba uku kuka biyu gare ta:
ɗaya in ta juya, ɗaya in ta tuna ta tsufa.
Ni kaɗai nake jin na biyun.
Ina jin tarin ɗan sanda a bakin ƙofa,
da biron magatakarda yana tsagar takarda,
da mai rake can a titin Bauchi yana kiran ciniki,
duk a kunne ɗaya, ba mai ba wani hanya.

Hular gashin dokin nan da aka ce mu ɗora
tana cina kamar kiyashi ya sami sukari.
Na ɗora. Doka ce.

Mai shari'a ya ce, "Lauya, dube ni in kana magana."
Na ɗaga kai, na ajiye idona a kan tabon sujadarsa,
ya zaci idonsa nake kallo.
A gidanmu na Jekadafari sunkuyar da kai ladabi ne,
shekara ashirin ana yabona da abin da ba zan iya bari ba.
A nan, mai kau da ido maƙaryaci ne.

Sau uku Inna ta kai ni wurin masu ruƙiyya.
An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yanka zakara,
aljanin bai fita ba, don babu shi.
Ni ne.
Ina da shekara talatin da ɗaya likita ya ba abin suna.
Ban yi kuka ba. Na ji kamar fursunan da ya daɗe a tsare,
yau aka karanto masa tuhumar,
kuma babu laifi a cikinta.

Gonar Baffa Sajo ce, can gefen Dadin Kowa,
wani mai kuɗi ya zo da takarda, wai tun tuni an sayar.
Lauyoyi huɗu sun karanta kafin ni, suka ce a yi sulhu.
Na karanta sau goma sha ɗaya,
ba don ƙwazo ba, kaina ne haka:
in ya kama abu, kaska ma ta sallama.
Na manta abincin rana, na manta ɗaurin auren ƙanen matata,
har yau ana fushi.

Lauyan can bakinsa zuma, sa'a guda yana zuba.
Ni na tashi, harshena ya sarƙe a kalmar farko,
wani ya yi dariya a baya.
Na ce, "Ya mai shari'a, kwanan watan, alif ɗari tara da casa'in da uku.
Hatimin kuma, Jihar Gombe.
A shekarar nan Bauchi ke goye da mu.
Ɗa ba ya sa hannu tun yana ciki."

Na zauna. Ba ni da sauran magana.

Mai shari'a ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.
An ɗage zuwa Alhamis.

A waje Baffa Sajo ya buɗe hannuwa zai rungume ni,
jikina ya sandare kamar icen da aka kafa.
Tsohon ya tsaya, ya duba, ya ja baya taku biyu,
daga can ya sa mini albarka.
Washegari na tarar da kwandon gwaba a ƙofar ofis,
ba a ƙwanƙwasa ba.

Abokan aiki suna teburin mai shayi,
suna dariyar wani zance da zan gane jibi.
Na shiga mota, na ɗage gilashi,
na cire hular, na toshe kunnuwa,
ina lilo gaba da baya har duniya ta rage murya.

Sannan na kama hanyar Pantami,
hanyar jiya, ta shekaranjiya,
ramukanta sha bakwai, na san kowanne.